Wake Ake Fara Ɗorawa

Ƙarfe uku na dare a Aboabo.
An ɗauke wuta tun goma, hasken waya ya rage mini,
da littafi mai kaurin bulo
wanda na saya da kuɗin takalmin Barikisu.
Na ce mata sai wata mai zuwa. Ba ta ce komai ba.

Shekara goma sha huɗu ina tsaye a bakin magudana.
Na san siminti in ya sha iska,
na san leburan da zai gudu tun daga gaisuwarsa.
Sai aka kawo Kwabena da takarda a cikin gilashi,
aka ba shi kujera, aka bar ni da rana.
Ba na jin haushinsa. Baba yake ce mini,
shi ne ma ya nuna mini inda ake biyan kuɗin jarrabawa.

Littafi ya ce kowane aiki da farkonsa da ƙarshensa.
Mai littafi bai ga kwalbatin layinmu ba.
Ya ce jera masu ruwa da tsaki.
Na jera mai unguwa, na jera liman,
da mai kanti da ya ƙi matsawa ko taku ɗaya,
da ruwan Yuni, da ba ya zuwa taro
amma shi ke yanke hukunci.

Tambayoyin gwaji kuwa,
kowace da amsa huɗu, duk sun sha wanka,
duk sun yi kama da mutanen kirki,
ɗaya ce kawai za ta kai ka gida.
Shekaranjiya na ci sittin da ɗaya.
Jiya hamsin da takwas.
Ci gaban mai haƙan rijiya.

A tsakar gida Inna Lantana ta hura gawayi.
Ina jin ƙarar murfin tukunya,
ina jin ƙamshin karan dafi yana sakin ja a ruwa.
Tun ban yi wayo ba take ciyar da rabin Asawase
kafin bakwai na safe,
ba jadawali, ba kwamfuta, ba ta taɓa makara ba
sai ranar da aka kai Baba.

Na leƙa ta taga, na ce, Inna,
in ayyuka goma suka taru a kanki, lokaci ya ƙure,
wanne ake farawa?
Ba ta ko juyo ba.
Ta ce, wake ake fara ɗorawa.
Taliya na iya jira, ƙwai na iya jira, yaji tun jiya na soya.
Wake ba ya sauri don kowa.
In ya makara, kowa ya makara.

Na koma shafi na ɗari biyu da shida.
Kibiyoyi, akwatuna, lissafin kwana,
shafi arba'in suna zagaye abin da ta faɗa tana fifita wuta.
Da buhun gawayin nan na bayan ƙofa
da ta hana kowa taɓawa,
shi ma ashe yana da suna a babi na sha ɗaya.

Jumma'a zan bi motar dare daga Asafo
in sauka Ankara da ƙurar hanya a ido.
Za su karɓi wayata, su karɓi agogona,
su zaunar da ni gaban allo kusan awa huɗu
su tambaye ni abin da hannuna ya sani
da harshen da hannuna bai iya ba.
Ina tsoro. Ban faɗa wa kowa ba.

Ladan ya gyara murya a masallacin Malam Fuseini.
Inna ta miƙo ludayin farko a ganye ta taga,
ta ce, ci, yunwa ba ta karatu.
Na ci a tsaye.
Tambaya ta saba'in da uku na nan tana jirana,
da ɗigon mai a gefenta.